Ƙafafun Orval Sun Saba da Hagu

Orval Tuttle ke zuba mana mai tun kafin in yi gemu. Ranakun aiki gyaran tarakta yake yi a garinmu da ke gindin duwatsun Carolina, ranar Asabar kuwa sai ya saɓa jarkar mai a kafaɗa ya bi ƙungiyarmu ta tseren a-kori-kura. Ni ne mai ɗaga mota da jak. Tserenmu na zagaye ne, hagu kawai ake shan kwana, bakin tanki ma a hagu yake.

Da furfura ta rufe shi, sai Verlene, mai ƙungiyar, ta fara ƙorafin jikinsa ya yi nauyi. Bana kuma aka kai mu wani fili mai hawa da gangara, kwana dama da hagu, wurin tsayawa shan mai ma a juye yake. Dole muka mayar da bakin tanki dama.

"Orval, in ka ɓata mana lokaci a can, ka ajiye jarkar nan ka koma gasa mana nama," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, naman da zan gasa ko karenki ba zai ci ba."

Raha ya yi, amma na san maganar ta soke shi, don tun rasuwar matarsa ba shi da wani abin so irin Asabar ɗin nan. Kullum bayan aiki yana farfajiyar gidansa ɗauke da jarka cike da ruwa, yana koya wa ƙafafunsa dama, maƙwabta suna ta dariya.

Ranar tsere, aka ɗaga tutar a rage gudu, motoci suka shigo shan mai gaba ɗaya, har da direbanmu Dewey. Na ɗaga mota, na waiga, sai ga Orval a hagu yana laluben bakin tanki a jikin ƙarfe sumul. Sabo turken wawa.

"Dama, tsoho, dama!" na daka masa tsawa.

Kafin ya zagayo ya zuba, kowa ya tafi. Dewey ya fita na ƙarshe. Haushi ya cika ni, tausayi ya fi haushin yawa.

Amma da aka sake su suka ci gaba da gudu, direbobin da ke gaba duk 'yan tseren zagaye ne irinmu, ba su san taka birki da wuri ba. Suka afka wa kwanar farko a tare, suka cure wuri ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe. Dewey da ke can baya ya ga komai, ya raɓa ta kan ciyawa ya wuce abinsa. Na uku ya zo, mu da ba mu taɓa shiga goman farko ba. Muka yi ta tsalle muna rungumar juna.

Orval bai yi tsalle ba. Ya kawo jarkar ya ajiye gaban Verlene.

"Kuskure na yi, ranki ya daɗe. Sa'a ce ta rufa mana asiri."

"Na gani da idona," ta ce. "To wa ka ajiye wa wannan? Ni zan ɗauka? Kwashe kayanka, Asabar muna da tsere."

Ya sunkuya ya saɓa ta. Har muka gama loda kaya bai yarda ya sauke ta daga kafaɗarsa ba.