Wa Ya Ɗinka Burgamin?

Kakata Iya Talatu ba ta taɓa riƙe biro ba, amma a gaban murhunta aka fara koya mini karatu na gaskiya. Na girma na yi watsi da shi, har sakacina ya kusa raba wata yarinya da jami'a. Shi ya sa idan na tuna da hirar Iya yanzu, haushi ya rinjayi daɗi a raina.

A Jikwoyi muke, tun gidajen ba su cushe haka ba. Iya tana suyar awara a bakin titi. Da an idar da magariba sai ta sauke kasko, ta janye itace, a bar garwashi. Mu jikokinta da 'ya'yan maƙwabta mu zagaye murhun, kowa ido na kan ɓurɓushin da ya rage a tire. Ni take kira maigidanta, wai mijin da bai san cefane ba sai gutsure.

Dokokinta biyu ne. Ba ta fara tatsuniya sai ta faɗi inda ta samo ta: wannan daga bakin Goggo Asabe ta Zariya, ita kuma daga wani bafatake. Wai maganar da ba a faɗi mai ita ba kayan tsintuwa ce. Ta biyu kuma, kafin ta ba da sabuwa sai wani ya maimaita ta jiya. Idan ka kawo ta da kalmominta sak, sai ta buga ludayi a kasko.

"Wannan bakina ne," in ji ta. "Ina naka? A gida ka baro shi?"

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta manomi mai burgami, wato jakar fata. Mutumin nan ba shi da maganar kansa. Duk inda ya ji an faɗi abu mai daɗi sai ya cafke ya jefa a burgami, in ya shiga taro ya ciro, a yi ta yaba masa iya zance. Ana nan sai maƙwabcinsa ya ci masa iyakar gona, suka je gaban mai gari. Aka ce ya faɗi inda gonarsa ta tsaya. Ya san wurin sarai, har tsamiyar da ke kan iyakar ya sani. Amma sai ya zura hannu a burgami, ya ciro maganar mai tuwo, ya ce a ƙara gishiri. Ya sake zurawa, ya ce amarya ta iso. A karo na uku ya yi wa mai gari ta'aziyya, alhali ba wanda ya mutu. Fada ta kwashe da dariya, aka ba maƙwabcin gonar.

Iya ta tambaye mu laifin wane ne. Muka haɗa baki muka ce na manomin, wawa ne. Ta girgiza kai.

"Tun yana yaro, in ya buɗe baki sai ubansa ya ce ba haka na faɗa ba, faɗi yadda na faɗa. To ku gaya mini, wa ya ɗinka masa burgamin?"

A lokacin ban damu da amsar ba, awara nake hari.

Yau ni malami ne a wani lesin a nan Jikwoyi, ina shirya yara jarrabawar shiga jami'a. Shekara da shekaru ina da insha'i guda takwas da na rubuta da kaina, ina raba musu su haddace. Suna cin jarrabawa, iyaye suna yi mini addu'a, ni kuma ina hura hanci.

Cikin tsofaffin ɗalibaina akwai Rukayya, 'yar wani bakanike a Apo, ta farko a gidansu da ta taka jami'a. Watannin baya sai ga ta a ƙofar ajina, ido ya kumbura. An ba su maƙaloli uku su karanta su rubuta abin da suka fahimta. Ita kuwa ta kwashe sakin layin da suka burge ta, ta jera su tsaf, ba ta ambaci masu su ba. Lakcara ya ba ta sifili, ya tura sunanta kwamitin ladabtarwa da laifin satar fasaha. Kora ce a gabanta, kuma ba ta iya gaya wa babanta ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na dinga faɗa kamar lakcaran yana tsaye a gabana. Mutanen da suke raba takardun darasi su ce a jarrabawa a dawo musu da su kalma bayan kalma, yau su ne masu kiran yarinya ɓarauniya? Wa ya taɓa zaunar da ita ko na awa ɗaya ya nuna mata yadda ake karanta maƙala, a ciro abin da marubuci ke nufi, a faɗe shi da bakin kai, a kuma ce daga wane aka ji? Daga firamare har sakandare yaro yana kwafe allo, in ya canza kalma ɗaya a zabge masa maki. Sai ya shiga jami'a a ce masa to, yi tunani, kamar tunani riga ce da ake sawa a bakin get. Har yanzu ina kan bakana, wannan zalunci ne.

Rukayya ta bari na gama, sannan ta yi magana a hankali.

"Malam, wallahi ban san sata ba ce. Ai yadda ka koya mana na yi. Na ma yi cramming ɗinsu, na haddace duka, ko yanzu zan iya kawo maka."

Na tuna ranar da ta kawo mini insha'i kan garejin babanta, Turancin a karkace amma kowace jimla tata ce. Na zabga masa jan biro daga sama har ƙasa, na rubuta mata ta bi abin da na ba ta. Daga ranar ba ta sake kawo mini nata ba. Tambayar Iya ta dawo mini, kuma wannan karon na san amsar.

Na rubuta wa kwamitin wasiƙa da sunana, na faɗi abin da na koya mata da abin da na hana ta. Ba su kore ta ba, sun dakatar da ita shekara guda. Shekara guda daga rayuwar yarinya saboda aikina da na irina, ni kuwa ba wanda ya dakatar da ni ko na yini ɗaya. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai.

Insha'in takwas na daina raba su, wasu iyayen har sun kwashe 'ya'yansu. Rukayya tana zuwa duk Asabar. Nakan ba ta shafi ɗaya ta karanta, in kife shi, in tambaye ta wa ya rubuta, me ya ce, ita kuma me ta gani. Sai ta yi shiru mai tsawo tana laluben abin da za ta ciro, ni kuma in zauna in jure shirun, don ni na koya mata shi. Asabar da ta wuce ta rubuta jimla uku nata na kanta, duk a karkace. Ta miƙo mini tana kallon jan biron da ke aljihuna. Na ciro shi na jefa a durowa, na ce ta ƙara ta huɗu.