Shafukan da Sista Ta Tsallake

A shekarar da tumatir ya yi arha har manoma suka daina wahalar kai shi kasuwa, aikinmu mata ya koma yanka da shanya. Mijina zai shigo da kwanduna daga gona, ni da surukata da faccalata mu zauna a inuwar darbejiyar tsakar gida, kowa da wuƙarta, mu riƙa raba tumatir biyu ana kai shi rana ya bushe ya zama kauɗa. Aiki ne na hannu kawai, ba ya neman tunani. Shi ya sa na tsane shi a shekarar, domin da zarar na zauna sai hankalina ya tafi bakin kanal.

Kanal ita ce babbar hanyar ruwan da ta taso daga Tiga ta ratsa bayan ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, tana shayar da gonakin rani. A bazarar da ta gabata ɗana na fari ya bi yara wanka can, bai dawo ba. Rigarsa aka fara kawo mini, an same ta a gefen ruwa, ya danne ta da silifas ɗinsa don kada iska ta ɗauke. Shi kuwa sai can ƙasa aka tsamo shi, wajen ƙofar raba ruwa. Ko makarantar boko bai isa shiga ba.

Ban yi kuka ba. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a wajenmu. Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin kakarsa, ni kuma ko wasa ba na yi masa a gaban mutane. Ga shi sunan mahaifin mijina aka sa masa, kunya ta zama biyu. Surukata, wadda muke kira Inna, ba za ta faɗi sunan marigayi mijinta ba, sai ta ce wa yaron "maigidana". Ni kuwa "kai" nake ce masa, in ba ya nan in ce "wancan". A zaman makoki mata sai yabona suke yi, wai dubi yarinya ƙarama da tawakkali. Duk wadda ta faɗi haka sai na ji kamar in kwaɗa mata ludayi. Na yarda da ƙaddara, wallahi na yarda, amma abin ya tokare mini ƙirji ya ƙi wucewa. Na rame, abinci ya fita raina. Abin da ya fi cina shi ne na haifi yaro, ya rayu, ya tafi, ban taɓa kiransa da sunansa ba ko sau ɗaya, kuma ban ga ranar da zan iya ba.

Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin gari, kowa Sista yake ce mata. Kirista ce daga wajen Jos, babbar mace mai jiki da yawan dariya, mijinta ya rasu da daɗewa. Ita aka kai wa yaron ranar da aka tsamo shi, ita ta rufe masa ido. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Sai dai in ta taso aiki da la'asar takan shigo da 'yar kujerarta, ta ce ɗakinta zafi, ta zauna a gefenmu da wani littafin Turanci mai kauri kamar bulo. Na gwanjo ne, a Sabon Gari take sayo su in ta je coci ran Lahadi. Bangon ya sha hannu, an zana gari yana cin wuta, sama ta yi ja.

Ni mayyar littafi ce tun ina budurwa, amma na Hausa, don Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Na ga yadda Sista ke karatu, wani lokaci ta dafe ƙirji, wani lokaci ta yi tsaki, har shayinta ya huce ba ta sani ba. Faccalata ce ta kasa haƙuri.

"Sista, wai soyayya ce a ciki kike ta zare ido haka?"

"Wace soyayya? Tashin duniya ne."

Inna ta ajiye wuƙa. "Tashin duniya kuma a littafin hira? A'uzubillahi."

Sista ta yi dariya ta ce ƙagaggen labari ne, marubutansu ne suke ɗaukar abin da addininsu ya faɗa game da ƙarshen zamani su saka mutane a ciki, da gidajensu da motocinsu da rigingimunsu. Ta ce su a wajensu akwai ranar da suke kira fyaucewa, za a ɗauke masu bi daga duniya farat ɗaya, a bar sauran su ga wahalar da za ta biyo baya. Fastonsu ma ba ya son tana karanta irin waɗannan, yana cewa ta riƙe littafi mai tsarki ya ishe ta. "Na ce masa wancan ya gaya mini abin da zai faru, wannan kuwa yana gaya mini yadda zan ji a jikina in ya faru."

Daga ranar ta fara fassara mana. Tana karantawa a zuci, ta ɗago ta zubo mana da Hausa, mu kuma hannu na yanka. Labarin wata matar aure ce mai ɗinki a wata ƙasa mai sanyi, tana da miji da ɗan ƙaramin yaro. Wata safiya mutane suka ɓace. Ba gawa, ba jini, sai tufafinsu a inda suke tsaye.

Tambayoyin da muka yi wa littafin nan, na tabbata wanda ya rubuta shi bai taɓa tunaninsu ba. Faccalata ta ce to wadda aka ɗauke ta bar tukunya a wuta fa, wa zai sauke? Mijina da ya tsaya ya saurara wata rana, damuwarsa ɗaya, in aka ɗauke mai buɗe ƙofar ruwa ranar da layi ya zo kan gonarsa, ina zai kai ƙara. Da labari ya kai ga wani shugaba mai daɗin baki da ya mallaki duniya yana sa wa mutane alama kafin su saya ko su sayar, Inna ta tafa hannu.

"Wannan ai Dujal ne! Suna kawai suka canza masa. Ido ɗaya gare shi?"

"A nan dai biyu ne, Inna."

"To ba su gama bincike ba."

Har maganar saukowar Annabi Isa suka yi, kowacce da yadda aka koya mata, ba wadda ta ɗaga murya. Sau ɗaya faccalata ta yi katoɓara, ta ce, "Sista, mu ke nan a cikin waɗanda za a bari ko?" Sista ta rasa inda za ta sa fuskarta. Inna ce ta cece ta, ta ce kowa yana yi wa maƙwabcinsa fatan alheri ta hanyar da ya sani, a miƙo mata kwandon can.

Na taɓa tambayarta me take ji a irin wannan labari mai ban tsoro, ita da kullum cikin ciwo da mutuwa take. Ta ce shi ya sa ma. A asibiti mutum zai mutu a hannunta, 'yan'uwa su tambaye ta dalili, ba ta da amsa. A littafin kuwa duk wanda ya tafi an san inda ya tafi, duk mugu akwai ranarsa, kuma tun kafin ka buɗe shafin farko ka san gaskiya ce za ta yi nasara. "Ina jin tsoro, ƙawa, amma tsoron da na san ƙarshensa. Ya fi mini sauƙi a kan wanda nake gani da ido."

Ni wani abu ne daban ya dame ni. Na karanta littattafai da yawa, na san marubuci ba ya kawo yaro a farkon labari, ya faɗa maka har irin wasan da yake so, sannan ya manta da shi. Amma tun safiyar da mutane suka ɓace, Sista ba ta ƙara ambaton ɗan mai ɗinki ba. Matar tana gudu, tana ɓuya, tana neman abinci, ita da mijinta kawai. Na kuma lura wani lokaci Sista kan lashi yatsa ta juya shafuka da yawa a haɗe, ta saci kallona, ta ci gaba da sauri. Raina ya ɓaci. Na gaji da a riƙa lallaɓa ni kamar ƙwai.

Ranar kasuwar Bunkure faccalata ta tafi gidansu, Inna kuma ta je barka a bayan masallaci, ya rage daga ni sai kwando. Sista ta shigo, ta ga ba kowa, ta ce to a bar karatu sai gobe.

"Zauna, Sista. Ina yaron?"

"Wane yaro?"

"Kada ki mai da ni sakarya. Ɗan mai ɗinki. Me ya same shi?"

Ta ajiye littafin a cinyarta. Sannan ta ce a irin labaran nan duk ƙananan yara ana ɗauke su, na kowa da kowa, ba a tambayar addinin iyayensu, don ba su da laifi. Ta ce uwar ta fito ta tarar da rigarsa da takalmansa a tsakar gida. "Ni na ga rigar da aka kawo miki, ƙawa. Ta yaya zan buɗe baki in karanta miki wannan?"

"Karanta."

"Ki yi haƙuri."

"Haƙurin nan shi ya kusa kashe ni. Karanta mini, kada ki cire komai."

Ta koma baya ta nemo wurin. Ta fara. Matar tana shanya wanki, yaron yana wasa da bokiti a bayanta, tana jin ƙarar bokitin, sai ta daina ji. Ta juya, ta ga riga da wando da takalma. Ta ɗauki rigar, da ɗuminsa a jiki. Ta fita titi ba ɗankwali ba takalmi tana ƙwala masa kira. Ta shiga gida gida, ta leƙa ƙarƙashin motoci, ta kira shi har muryarta ta dishe, da ta dishe ta ci gaba da kira a hakan. Ba wanda ya ce mata ta yi shiru, don kowa a titin nasa yake kira.

Wuƙar ta faɗi daga hannuna. Kishin matar nan na ji, matar da ba ta taɓa wanzuwa ba. Ni ma an koya mini cewa yaran da suka rasu suna Aljanna a hannun Annabi Ibrahim, ban taɓa shakkar inda ɗana yake ba. Abin da aka ba ta ni ba a ba ni ba shi ne titi da murya.

Sista tana ta maimaita sunan yaron littafin, wani suna na Turawa da harshena ba ya iya juyawa. Na ce mata, "Bar wannan sunan. Sa nasa."

Ta ɗago idonta jawur. "Ban san shi ba, ƙawa. Ranar da aka kawo shi, jikan Inna aka ce mini. A gidan nan kuma ban taɓa jin wani ya faɗa ba."

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na sake gwadawa. Da ya fito, a hankali ya fito, kamar na ɗauko abin da ba nawa ba. Na faɗa na biyu da ƙarfi. Na uku kuwa kira ne sosai, irin wanda uwa ke yi in abinci ya sauka yaro yana waje. Daga nan kuka ya ƙwace mini, na shekara guda, na kifa kai a cinyar Sista da hannuna duk ruwan tumatir, ina kira ina ƙarawa. Ita ma kukan take yi, ba ta ce mini in bari ba.

Ban ji shigowar Inna ba. Ɗago kan da zan yi na gan ta tsaye a bakin zaure da mayafinta, ta dafa bango. Sunan mijinta ne nake ta ƙwalawa a tsakar gidanta, ni matar ɗanta, a gaban baƙuwa. Na fara goge fuska ina neman abin da zan ce.

Ta tako a hankali ta zauna a tabarma kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Ita ta goya yaron nan, ita ta yi ta kwana da shi, ita ma a zaman makoki ban ga hawayenta ba. Ta kama hannuna mai danƙon tumatir ta riƙe da nata biyu.

"Sake faɗa, 'yar nan, in ji," ta ce. "Ni ba zan iya ba."

Na sake faɗa mata.