Ranar da Inna ta Kira Sunana a Saman Lilo

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifiyata, wadda duk unguwarmu ta Kusfa ke kira Inna. Allah Ya jiƙanta, Ya kai haske kabarinta. Duk shekara idan watan ya zagayo, sadaka nake yi in ja bakina in yi shiru. Bana dai na ce sai na rubuta wani abu, ina kuma rubutawa ina jin kunya, domin da tana raye ta ji na kai maganarta jarida, da sai ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata ba. Abin da zan faɗa ma ba a masallaci ya faru ba, ba a makaranta ba. A saman lilo ya faru.

Ni ne ɗanta na fari. Wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ya san abin da wannan ke nufi, amma yaran yanzu sai an yi musu bayani. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa, in ana zancensa ma sai ta duƙufa ga wani aiki kamar ba ta ji ba. Alkunya ke nan, Inna kuwa ta riƙe ta da hannu biyu. Tun daga yaye aka kai ni ɗakin kakata, can na girma. In tana nemana sai ta ce da ƙannena, "Ku kira yayanku." In mu biyu ne kaɗai a tsakar gida sai ta dubi bango ta ce, "Akwai tuwo a kwano." Na yi makaranta, na kama aikin gwamnati, na yi aure, na haifa, har furfura ta fara leƙo mini, ban taɓa jin sunana Sa'idu daga bakinta ba. Ban kuma taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba, don kwanon nan da take faɗa wa bango labarinsa, naman da ke ƙasansa ya fi na kowa yawa.

'Yan shekaru kafin rasuwarta, wata ƙaramar Salla, jikoki suka tasa ta gaba sai ta raka su wani wurin wasa da aka buɗe a wajen ganuwa. Kowa ya ɗauka korarsu za ta yi. Sai ga ta ta fito da mayafinta na fita unguwa. Muka cika motar haya, ni da ita da ƙanwata Lami da garken yara.

Inna ta zagaya wurin tana kallon komai tana taɓe baki. Ga dawakin ƙarfe suna zagaye da yara ana kiɗa. Ga wasu ƙananan motoci masu roba a jiki, waɗanda ake shiga don a yi karo da gangan. Ta tsaya ta dube su da kyau, sannan ta ce da Lami, "Ashe nan direbobin tashar Kwangila suke koyon tuƙi." Can ƙarshen fili kuma ga babban lilon, kamar an tsayar da ƙafar keke ta kai tsawon rimi, an rarrataya mata kujeru.

Wanda bai taɓa hawa ba, ga yadda abin yake. Inji ne a gindinsa yake murza shi a hankali, da birki mai riƙe shi duk inda aka tsayar. Mai lilon ba ya cika kujeru a jere. Zai zaunar da mutum biyu, ya sauke musu sandar ƙarfe a kan cinya ya sa sakata, sannan ya juya lilon har kujerarsu ta kai can sama, ya ɗora wasu a wadda ta sauko, don kada nauyi ya taru gefe guda. In ya sa yara a wannan, yara zai nema a waccan. In manya ne, sai manya. Wannan tsarin nasa ne ya jawo mini abin da ya jawo. Da layi ya iso kaina sai ya ce, "Alhaji, manya biyu nake so. Kai da Hajiya ku shiga nan." Na waiwaya ina zaton Lami ce a bayana, sai na ga Inna. Yaron lilon ba ɗan birni ba ne, bai san abin da ya haɗa ba. Na buɗe baki zan ce a sake, sai na ga har ta shige ta zauna ta kawar da kai. Tun da na yi wayo ban taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba, yau ga mu kafaɗa da kafaɗa, an kuma sa mana sakata.

Lilo ya tashi. Na ƙura wa gari ido don kada in dubi gefena. Daga can sama birni gaba ɗaya yana tafin hannunka: soraye da rufin kwano, hasumiyoyin masallatai, rimaye, ganuwa inda ta saura, can nesa kuma dutsen Kufena. Muna kaiwa ƙololuwa aka ɗauke wuta. Kiɗa ya mutu, inji ya yi shiru, birki ya riƙe mu a inda muke. A ƙasa ma'aikata suka ruga wajen janareta, mu kuwa iska ta shiga kaɗa kujerarmu gaba da baya, ƙarfe yana ƙara.

Sai na ji an damƙe mini hannu. Inna ta ce, "Sa'idu, riƙe ni."

Na ce, "Na'am, Inna." Muryar da ta fito daga bakina ba irin ta mai 'ya'ya ba ce, ta ƙaramin yaro ce. Na riƙe ta. Hannun ɗan ƙarami, da kaushin taɓarya da sauran lallen Salla. Kunya ta lulluɓe ni tun daga kai har ƙafa, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige, to ƙasar ma tana can nesa. Ba ta dube ni ba, ban dube ta ba. Haka muka zauna ita tana kallon gabas ni ina kallon yamma, hannu cikin hannu, har janareta ya tashi. Da kujerarmu ta kusa ƙasa sai ta zare hannunta ta gyara mayafi. Aka cire sakata ta fita ta nufi Lami tana cewa wannan abu ba na masu hankali ba ne.

Kwana da kwanaki bayan nan, in na shiga gaishe ta sai in tarar wai ta tada salla. Ni ma ban matsa ba. Daga baya komai ya koma yadda yake, na koma "yayanku" har ranar da ta bar duniya. Ban faɗa wa kowa ba, ko matata. A raina na ce tsoro ne ya ci ƙarfin tsohuwa har ta yi suɓul da baka, ni kuma na ga abin da bai kamata ɗa ya gani ba. Tausayinta nake ji duk sa'ad da na tuna.

Ina yawan tambayar kaina abin da za ta ce da ta ga yau. Wuraren wasan nan sun yawaita, ranar Salla ba masaka tsinke. Za ka ga uwa ta rungume ɗanta na fari a gaban jama'a, ta manna kumatunta da nasa, ta ɗaga waya ta ɗauki hoto, kafin su sauko daga kan doki dangi na Kano da Kaduna duk sun gani. Na san Inna salati za ta yi ta rufe fuska. A da ni ma ina bayanta ɗari bisa ɗari. Abin da ya sa na fara sassautawa a cikin gidana ya taso.

Ina da 'yar fari, Hadiza. Kun ga a takarda ina iya rubuta sunan. Yadda aka yi mini haka na yi mata: "ku kira yayarku," "ke," "a ce da waccan ta zo." Ta yi aure ta haifi uku. Bara aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa kudu, suka fara shirin tashi bayan babbar Salla. Wata rana da hantsi matata ta zauna kusa da ni ta ce, "Malam, Hadiza ta yi mini wata tambaya. Wai laifin me ta yi maka tun tana yarinya, da kake kiran sunan kowa ban da nata?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Wa na fi kashe wa ƙarfina a gidan nan? Ba ta gani ne?"

Ta ce, "Ta gani. So take ta ji. In ta tafi da wannan a ranta, kai ka sani."

Na kwana biyu ina fushi, daga nan fushin ya koma tsoro. Yarinyar nan za ta yi nisa, ni kuma ba yaro ba ne. Na gwada. Ta zo gaisuwa ta durƙusa, na shirya sunan a baki, sai na ji kaina ina tambayarta ya yara. Harshen da bai saba ba, ko an matsa masa ba ya tanƙwaruwa. Rasa yadda zan yi ne ya kai ni gidan Lami, na kwashe labarin saman lilo na faɗa mata, karo na farko da wani ya ji shi daga bakina.

Lami ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Yaya, Inna ce za ta ji tsoron sama? Matar da take kafa tsani ta hau soro shanyar barkono har tana da jikoki, mu muna ƙasa muna roƙonta ta sauko?" Ta share hawaye ta ce, "Ai ni ce a bayanka ran nan. Ta ja mini zane ta ce in koma wajen yara."

Na ce, "To ta yaya ta san za a ɗauke wuta?"

Ta ce, "Ko ba a ɗauke ba, da ta samo wani dalilin. Kai dai ba ka san uwarka ba."

Na fito daga gidan nan ina jin kunyar da ta fi ta farko. Shekaru ina tausaya wa matar da ta shirya abinta tsaf, ta zaɓi wuri guda a duk Zariya inda ba mai ji ba mai gani, ta kuma tanadi uzurin da zai rufa mana asiri mu biyu. Ni da takardun makarantata ban gane ba.

Da babbar Salla ta zo na ce zan kai jikoki wasa, uwarsu ta zo ta taya ni riƙonsu. Na yi shiri irin na wanda ya taɓa zuwa. Muka tafi da wuri, kafin cunkoson bayan la'asar. Na hana a cika wa yara ciki da nama da lemo, don wanda ya ƙoshi ya hau abin juyi, kayan Sallarsa ne za su gaya masa. Na bar babbar riga a gida saboda ƙarfe ba ya raga wa tufa mai yalwa, na cusa hula a aljihu, na sa Hadiza ta ɗaure mayafinta da kyau. Kowane yaro na taɓa sakatarsa da hannuna na tabbatar ta shiga. Har na tambayi mai lilon batun wuta, ya ce kada in damu, ranar Salla tun safe a kan janareta suke. Na yi masa godiya, a raina kuwa na ce ya cuce ni.

Da ya nemi manya biyu na yi wuf na ce ga mu. Hadiza ta dube ni da mamaki, ta shiga ta takure a gefe. Tunda ba za a ɗauke wuta ba, abin da ya rage mini shi ne ɗan tsayawar nan da ake yi a sama lokacin da ake ɗora na ƙasa. Aka tsaya, na kalli rimaye, aka wuce. Lilo ya yi ta zagayensa ina zagin kaina a zuci. Sai da aka fara sauke mutane, kujerarmu ta sake tsayawa a ƙololuwa, na ga in ta sauka shi ke nan. Na runtse ido na kama hannunta na ce, "Hadiza, riƙe ni." Da niyyar kwaikwayo na fara, amma rawar da muryata ta yi ba ta ƙarya ba ce.

Sannan ta ce, "Na'am, Baba," ta riƙe ni da hannu biyu. Ban dube ta ba, amma na ji tana jan hanci.

Jikoki sun hango mu daga tasu kujerar. Kafin mu isa gida labari ya riga mu, yanzu duk Kusfa an san Malam Sa'idu matsoraci ne, sai da 'yarsa ta riƙe shi a kan lilo. Abokan zaman ƙofar gida har yau in na taso sai wani ya miƙo hannu wai kada in faɗi. Na haɗiye. Bayan sun tafi kudu ne matata ta ce Hadiza ta gaya mata, "Na san ba tsoro ya ji ba. Mutumin da yake hawa rufi da kansa duk damina yana toshe yoyo?" Amma ba ta ƙaryata yaran ba, ba ta kuma taɓa tada mini zancen ba. In ta bugo waya, gaisuwa ce da labarin ruwan sama. Na san za ta karanta wannan, ina kuma roƙonta mu ci gaba a haka.

Inna ba ta bar mana gida ba, ba ta bar mana gona ba. Kwanoninta da carbinta suna wajen Lami. Ni abin da na gada shi ne kira guda ɗaya, na ajiye shi shekara da shekaru ban san amfaninsa ba, sai da ya tsare mini 'yata. Alkunyarta kuma ba ta mutu ba, tunda ga jikarta ta gane komai ta rufa wa ubanta asiri. Har yanzu ban sake kiran sunan Hadiza ba, ban kuma yi alkawarin zan iya ba. Sun ce za su zo ƙaramar Salla, na riga na gaya wa yara su shirya, kakansu matsoraci zai sake hawa.

Allah Ya gafarta wa Inna. Ranar da za mu haɗu, Allah Ya sa ta sake kirana in amsa.