Sunan Da Na Faɗa Don A Daina Duka Na

Ni ɗan manomin albasa ne daga wani ƙauye kusa da Galma. Da na bar lakwal, wato makarantar boko, mahaifina ya kai ni Madawa koyon gyaran moto, wato babur. Hannuna ya faɗa da wuri, maigidana har yana barin garejin a hannuna.

Da satar esansi, wato fetur, na soma. Duk moton da aka kawo gyara sai na zuƙi kofi guda a tankinsa. Daga nan na koma cire sabon ƙarfe ina mayar da tsoho. Ban shekara biyu ba sai ga ni ina ɗauke moto sukutum ranar kasuwa, mai shi na can yana cinikin akuya.

Wani mai rawani ne ke saye. Bai taɓa neman ragi ba, bai taɓa tambayar takarda ba. Ni ma ban taɓa tambayar sunansa ko inda yake kai su ba. Ina jin labarin masu bindiga da ke tare hanya suna kashe mutane bisa moto, sai in ce ba ruwana.

A wata kasuwar ƙauye wajen Tama dubuna ta cika. Ba a daɗe da kai hari a yankin ba, zukata na tafasa. Aka ɗaure ni a gindin itacen bedi, ana dukan tafin ƙafata da kulki. “Wa ka aiko ka? Su wa kaka kai ma?” Na rantse ban san sunan mutumin ba, duka ya ƙaru. Da azaba ta kai mini karo sai na ce, “Hamidu tela.” Maƙwabcina ne, ya zo sayar da riguna. Laifinsa kawai ya taɓa yi mini faɗa kan sata. Aka kamo shi, kafin jandarma su iso su ƙwace mu, an karya masa hannun dama.

Alƙali ya sallami Hamidu, ni aka kai ni gidan kaso.

A can na haɗu da Baba Alasan, dattijo daga wajen Keita, wanda rikicin iyakar gona ya kawo. Ɗansa direba ne, masu bindiga suka harbe shi a hanya. Wata rana da la'asar muna inuwar katanga, rediyon wani gandiroba na muhawara kan hukuncin da ya dace da ƴan ta'adda. Fursunoni suka ɗauka. Wasu suka ce kisa, wasu ɗaurin rai da rai.

Baba Alasan ya ce, “A kashe su. Kahin nan a gasa musu azaba har su hwaɗi ƴan uwansu.”

Na daɗe ina son sanin matsayina a idon irinsa. Na ce, “Baba, wanda ya saida musu moto hwa?”

“Shi ma da su.”

Sai na kwashe labarina na gaya masa, har da Hamidu. Baba ya ɗauki butarsa ya tashi. Kwana uku ba ya amsa gaisuwata.

A na huɗu shi ya kira ni. “Yaro, bugu nawa ka sha kahin ka yi ƙarya?”

“Ban ƙidaya ba, Baba. Ba su kai talatin ba.”

“Da ka san sunan mai rawanin, da ka hwaɗa?”

“Tun bugun hwarko.”

“To ka gani, duka na aiki ga wanda ya sani.”

Na ce, “Mai kulkin ta ƙaƙa zai gane wanda ya sani? Ni sun yarda da ni ne lokacin da na yi ƙarya.”

Watanni muka yi muna juya wannan magana, in ya kawo hujja in kwana ina neman amsa. Kan kisa bai sauya ba: wanda ya kashe a kashe shi, amma alƙali ya yanke, da shaidu. Kan duka kuwa ya ce Hamidu ya tsaya masa a wuya. Ni kuma ɗansa ya tsaya mini. Wata rana ya tambaye ni launin motocin da na sayar. Na ce jajaye ne galibi. Ya ce wanda aka gani ranar da aka harbe ɗansa ma ja ne, amma rabin motocin yankinmu na Adar jajaye ne. Har gobe ban sani ba ko ni na sayar da shi.

Da na fito, gidan Hamidu na fara zuwa. Hannun ya ɗore a karkace, ya bar ɗinki, goro yake sayarwa. Na durƙusa. Ya ce, “Na yahe maka don Allah. Amma kar ka riƙa zamna min rumfa.”

Samari, na tuba, yanzu ban-ruwa nake yi a garkar mahaifina. Ban iya raba muku gardamar kisa ba, malamai da alƙalai sun fi ni sani. Abin da na sani shi ne, kada ku taɓa abin da ba naku ba, komai ƙanƙantarsa. Wanda ya saya a hannunku bai nemi ragi ba, ku tambaye shi inda za shi. In kuma kuka tarar an ɗaure wani ana duka, ku kira hukuma, kada ku karɓi kulkin. Sunan da zai fito daga bakinsa yana iya zama na babanku.