Wuƙar Cuku Goma Sha Biyu

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, dattijo Seu Belarmino ya zauna a ƙofar kanti ya buɗe sabuwar wuƙarsa mai naɗewa. Shekara arba'in ke nan yana yayyanka taba a hannu, ya goge bawon masara da bayan wuƙa, ya naɗa sigarinsa a ciki. Sai dai hannun ya saba da dakusasshiyar wuƙar mahaifinsa. Ya danna yadda ya saba, sabuwar ta ratsa tabar ta shige babban yatsa.

Aka kwashe da dariya, don kowa ya san kuɗin cuku goma sha biyu na matarsa ya miƙa wa maƙeri, kuma har yau ba ta huce ba.

Juvenal maƙwabcinsa ya ce, "Mutumina, ta kasuwa cuku ɗaya ce, kuma ba ta cizo."

Belarmino ya daɗe yana shafa ƙotar wuƙar da aka yi da ƙaho, shi kansa yana auna ko wauta ya yi. Sannan ya ce, "Ta nawa ka karya bana, Juvenal? Ni gado na saya wa jikana. Kai me za ka bar wa naka, in ba surutu ba?"