Man Wiwi a Kwalbar Inna

Bayan haihuwata ta biyu gashin goshina ya zube, har tsakiyar kai. Na daina zuwa gidan kitso. Ko a ɗaka ban cire ɗankwali, don taubashiyata ta taɓa gani, ta raɗa mini suna Fitilar Yauri. Na yi dariya a gabanta, na koma gida na yi kuka.

Ƙanwata da ke aiki a Kaduna ta aiko mini da wani man kai mai hoton ganyen wiwi a jikin kwalbar. Ta ce sinadarin ganyen ne ke tayar da saiwar gashi, kuma ba ya sa maye. Sharaɗi biyu: in bar kitso mai ɗauri, in riƙa murza fatar kan safe da yamma.

Lokacin ina gidan Inna, mahaifiyata. Ta juya kwalbar, ta dubi ganyen.

"Abin da 'yan tasha ka sha, shi za ki ɗora bisa goshin da kike sujada da shi?"

Na ce magani ne. Ta ce to, kawo in aje miki, kada yara su taɓa. Kullum ita ke lakato mini a yatsa. Na lura yana ƙamshin man shanu, na ce aikin Turawa ke nan.

Kafin a yanke shinkafa, gashi ya fito, baƙi wuluk. Ana gobe bikin wata 'yar uwa a Warra na tafi gidan kitso, na zaɓi tsakiyar tabarma, na warware ɗankwali a hankali. Taubashiyata ta zo ta ja gashin, wai ko na kanti ne. Ya ƙi fita. Daɗi ya cika ni, na shiga yi wa mata lacca kan wiwi da saiwar gashi.

Inna, da ta rako ni, ta bari na gama.

"Wiwinki na cikin gulbi tun ranar da ya zo. Man shanu da kaɗanya na zuba miki."

Mata suka kwashe da dariya, har da ni. Har yau ban san abin da man nan ke yi wa gashi ba, sai a tambayi kifin Yauri.

Makitsiya ta ce wane iri za a yi.

Na ce, "Wanda zai bar goshi a fili." Na miƙa wa taubashiyata madubi ta riƙe mini.