Na Ce 'Yata Ce, Baturiya Ta Rubuta Biyu

Assalamu alaikum Edita. Ni ban yi boko ba, ko a banki sai dai in dangwala yatsa, don haka wata maƙwabciyata ce riƙe da biro ni ina faɗa. Na ce mata kada ta gyara min magana, kada kuma ta sa sunan kowa.

A shekarun da zan ba da labarinsu, ni mace ce da ake ji da ita a kasuwar Kwari ta Kano. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya tal, na tashi da ƙafata na yi Jidda, na yi Dubai, daga baya na koma Chana ina saro leshi da mayafai da takalman mata. Harafi ɗaya ban sani ba, amma a kasuwar Sanyuanli ta birnin Guangzhou sai in shiga shago in ce loban, wato maigida, in nuna kaya da yatsa. Ya ce meyo, babu ke nan. Ni kuma in ja kujera in zauna, in kwance ɗankwalina in sake ɗaurawa a tsanake. Kafin in shanye ruwan zafin da suke ba baƙo, kayan da aka ce babu sun fito daga bayan shago. Daga nan na ɗauka duk duniya haka take, babu "a'a" da zama da iya baki ba sa kwancewa. Ina faɗa a gaban kowa cewa takarda ta masu tsoro ce. Allah Ya yafe min.

'Yata ta auri wani yaron kirki ɗan unguwarmu. Tana da cikin fari ya sami karatu a Guangzhou ya tafi, ta dawo gabana ta haihu a ɗakina, ungozoma ce ta yanke cibi, ni na yi mata wankan jego. Da aka yaye yarinyar na ɗauke ta kamar yadda kowace kaka take yi, uwar kuma ta bi mijinta. Babu wanda ya ga abin magana. Yarinyar ta tashi tana ce min Inna, tana ce wa uwarta Yaya. Uwar kuwa saboda kunyar 'yar fari ko sunanta ba ta faɗa, sai dai ta ce "ƙanwata" ko "ta wajen Inna". Da zan sa ta makaranta aka tambayi sunan uba, na ba da sunan marigayi mijina. Da zan yi mata fasfo ma haka. Ina ganin na rufa wa kaina asiri, na sami auta a tsufana.

Surukina ya gama karatu ya zauna can yana aikin tura kwantena, suka kama gida a unguwar Panyu, suka ƙara haihuwar biyu, mace da namiji, duk a asibitin Chana, kowa da takardarsa mai jan hatimi. Ni idan na je ba na sauka wajensu, wane ni in kwana gidan suruki. Ɗaki nake kamawa a unguwar Dengfeng kusa da masu tuwo, inda zan ji Hausa in ci abin da na sani.

Shekarar da 'yan Chana za su yi gasar Olamfik abubuwa suka ɗaure. Biza ta yi wuya, ana tare baƙi a titi ana duba fasfo, mutane da yawa suka tattara suka koma gida. Ana cikin haka wani kamfanin Turawan Holan da surukina yake hulɗa da su suka ce ya zo ya yi musu aiki a ƙasarsu, da iyalinsa. A hutun makaranta na wannan shekarar na zo sari, na taho da yarinyar ta ga ƙannenta. Tana da shekara goma sha ɗaya.

Suruki ba ya iya kallon idona ya yi min magana, sai ya aiko wani Alhaji dattijo ɗan Kano mai canji a Dengfeng. Alhajin ya same ni a gidan abinci ina cin tuwo da miyar kuka, ya zauna nesa ya gaishe ni, ya ce Hajiya, yaron nan roƙo yake. Wai mutanen Holan ba kamar kowa ba ne, komai nasu a rubuce yake. Da ka sauka za ka je ofishin hukumar gari a rubuta ka da duk wanda ka haifa, kuma daga wannan rubutun ake ba ka lamba, da lambar ake samun likita da makarantar yara da komai. Wai abin da ka faɗa ranar farko shi za su riƙe har ka mutu. Don haka yana so a sa sunan babbar 'yarsa da ke wajena a fom, a nemo mata takardar haihuwa da sunan ubanta na gaskiya, ko da ba za ta bi su yanzu ba. Alhajin ya maimaita wannan har sau biyu, ko da ba za ta bi su yanzu ba.

Ni ban ji wannan ba. Abin da na ji kawai za a raba ni da autata a kai ta ƙasar sanyi. Na tsame hannuna daga tuwo na ce Alhaji, ashe kai ma ka zama ɗan aiken yara? Na ce lokacin da take kashi a zanina ina fom ɗin yake? Na ce na shiga ƙasa uku ban iya karatu ba, wane Bature ne zai hana jikata shiga wajen ubanta ran da na ga dama? Ran da ta isa tafiya ni zan kai ta da kaina, in zauna musu a ofis har sai sun buɗe ƙofa. Matan da ke wajen suka yi dariya suna cewa sai Hajiya, ni kuma kaina ya ƙara girma. Alhajin ya tashi ya ce to Hajiya, Allah Ya sa haka ne mafi alheri, amma Holan ba Sanyuanli ba ce.

Bayan kwana uku kamfanin ya turo wata Baturiya gidansu a Panyu ta taya su cika takardu. Da na ji labari na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da yarinyar muka tafi, ba a gayyace ni ba. Baturiyar doguwa ce mai fara'a, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta karɓi shayi, tana ba su labarin yadda za su zauna. Surukina yana fassara mana. Wai a can ba a zuwa gidan mutum sai an sa rana, ko maƙwabcinka ne. Wai kowa keke yake hawa har tsofaffi. Wai wasiƙar hukuma idan ta zo a buɗe a ranar, kada a ajiye. Ina ji ina taɓe baki. Sai ta ɗauki biro ta nuna yaran da ke zaune a kan darduma, tana murmushi tana ƙirgawa da yatsa, ɗaya, biyu, uku.

Kafin surukina ya buɗe baki na jawo yarinyar jikina na ce ya gaya mata wannan tawa ce, autata ce. Bai fassara ba. Na ce ko bai ji ni ba ne? Ya sunkuyar da kai ya faɗa da Turanci. Baturiyar ta dube ni, ta dubi furfurata, ta juya wajen 'yata ta tambaye ta ita da kanta, 'ya'yanta nawa. Wallahi har yau ina ganin fuskar 'yata a wannan lokacin. Ta dube ni, ta dubi ƙasa. 'Yar da na tarbiyyantar da hannuna cewa mace mai kunya ba ta nuna ɗan fari, ta yaya za ta ce a gabana wannan tawa ce? Ta ɗaga yatsu biyu, ta ce waccan ƙanwarta ce. Baturiyar ta karɓi fasfon yarinyar ta ga sunan mijina, ta gyaɗa kai, ta rubuta biyu. Abin bai kai minti ɗaya ba. Na manta cewa yarinyar tana aji biyar, tana jin Turanci. A jirgi da za mu koma ta juya min baya, na ɗauka gajiya ce, na saya mata lemo.

Suka tafi Holan kafin a fara gasar. Mu muka dawo Kano. 'Yata tana bugo waya tana ba ni labarin duhun hunturu da yadda take koyon yarensu da yadda ta faɗi a keke, muna dariya. Ta ce a ofishin hukumar gari an sake tambayarsu 'ya'ya nawa, suka ce biyu, don mijin ya ji tsoron kada magana ta saɓa da ta farko. Na ce ai shi ke nan, me ya yi zafi.

Shekara huɗu bayan haka hawan jini ya kayar da ni, ɓarin jikina na hagu ya shanye. Kasuwa ta tsaya. Yarinyar da na ce ni zan riƙe, ita ta koma riƙe ni, tana ɗaga ni tana kwantarwa, ta dawo makaranta ta ɗora tukunya. Na duba na ga idan na mutu ba ta da kowa a gidan nan. Na kira surukina, karo na farko a rayuwata na roƙe shi, na ce ya zo ya ɗauki 'yarsa. Bai ce min ai na faɗa miki ba. Da ya faɗa da ya fi min sauƙi. Ya ce to Inna, za a gwada.

Aka gwada. Hukumarsu ta ce ku da bakinku kun ce biyu, sau biyu, wannan ta ukun daga ina? Aka nemo takardar haihuwa sabuwa, suka ce an yi ta bayan shekara goma sha biyar, kuma fasfo da takardun makaranta duk sunan wani mutum daban ne a matsayin uba. Surukina ya ɗauki lauya. Har shi surukin nawa aka kira shi ya yi bayanin dalilin da ya sa ya faɗi abin da ba haka ba, ya kwana biyu yana fargabar takardar zamansa. Ya yi musu bayanin riƙo da kunyar ɗan fari, suka rubuta, suka ce sun ji. Na ce a kai ni ofishin jakadancinsu a keken guragu in zauna musu kamar yadda na yi alkawari. Aka ce min ba a shiga sai da ranar da suka ba ka, kuma ba ni da abin da ya haɗa ni da maganar, tunda a takarda ni ce uwar, yarinya tana wajen uwarta. Nan na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ran da mijina ya rasu. Daga baya aka yi gwajin jini, ya nuna 'yarsu ce. Amma kowace wasiƙa wata da watanni take ɗauka, aka ce kuma ba ta taɓa zama a gidansu ba, aka ƙi, aka ɗaukaka ƙara. Kafin a gama ta cika sha takwas. Lauyan ya ce yanzu a dokarsu ta zama babba, hanyar da ake bi a kawo yaro wajen iyayensa ta rufe.

Tana nan kusa da ni har yau, ta yi karatun jinya, ta yi aure a bayan layinmu, kullum sai ta leƙo ta gwada min jini. Uwarta takan zo bayan shekara biyu ko uku. Ƙannenta idan an kira ta waya mai hoto suna ɗaga mata hannu suna ce mata Anti, Hausarsu ba ta wuce sannu ba. Jikar tawa ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Sau ɗaya ne kawai, tana shafa min man zafi a ƙafa, ta tambaye ni ba tare da ta ɗago ba, wai Inna, ran nan a Panyu, da kin yi shiru, kina ganin Yaya za ta ce uku? Na ce za ta ce. Ta ce ita ma haka take gani. Ta ci gaba da shafawa.

Riƙo ba laifi ba ne, kunya ma ba laifi ba ce, da su muka tashi. Laifina shi ne an zo min da magana ta hankali na mayar da ita gasar girma, na yi amfani da kunyar da na koya wa 'yata na rufe mata baki a ranar da ya kamata ta yi magana. Don haka ina kira ga 'yan'uwana kakanni masu riƙon jikoki, da duk wanda ɗansa zai yi ƙaura zuwa Holan ko wata ƙasa irinta: ku riƙi yaro a ɗakinku yadda kuke so, amma a takarda ku bar masa uwarsa da ubansa. Ku yi masa takardar haihuwa tun yana jariri. Ranar cika fom a faɗi kowane ɗa, wanda zai tafi da wanda zai zauna. Ke kuma uwa, idan aka tambaye ki 'ya'yanki nawa, ki ajiye kunya na minti ɗaya ki ƙirga da na farin, ko da tsohuwarki tana zaune tana harararki. Idan tsohuwar irina ce, ki bari ta yi fushinta, za ta huce. Ni da 'yata ta yi min haka, da fushin sati ɗaya zan yi.